Tambaya da Amsa: Abin da Maganin Ƙwari Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Wasiƙun da suka iso wannan fili tun shigowar noman rani sun fi karkata ga magungunan feshi, kuma da yawa daga cikinsu abu ɗaya suke tambaya ta fuskoki daban-daban, wato ko abin da ke kashe ƙwaro yana iya taɓa ƙwaƙwalwar mutum. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni manomin tumatir ne, kuma tun da tsutsar sharon ta addabe mu muke yin feshi sau biyu ko uku a mako, muna haɗa magani iri biyu a famfo ɗaya. Duk ranar da na yi feshi sai kaina ya yi ciwo, jiri ya ɗebe ni, yawu ya riƙa taruwa a bakina, ganina ya yi dishi-dishi, naman cinyata ya riƙa motsi da kansa. Idan na sha madara na kwanta, zuwa washegari sai in ji dama. Kwanan baya kuma wani yaro da ke yi mini ƙwadago ya yanke jiki ya faɗi a gona yana kumfar baki yana jijjiga, mutane suka ce iska ce ta buge shi. Mene ne gaskiyar lamarin?
Daga wani manomi a Kura, jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Abin da kake ji da abin da ya same shi ciwo ɗaya ne, naka a matakin farko, nasa a mataki mai tsanani, kuma duka biyun sun yi daidai da gubar dangin magungunan da ake kira oganofosfet. Cikin wannan dangi akwai diklobos, wanda za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, da kulofirifos, da furofenofos, da dimetowet, kuma su ne kan gaba a shagunan kayan gona saboda araha da saurin kisa.

Ƙwaƙwalwa tana tafiyar da jiki ne ta jijiyoyin saƙo, waɗanda dabam suke da jijiyoyin jini. Idan saƙo ya kai ƙarshen jijiya, akwai ɗan rata tsakaninta da tsokar da za ta yi aiki, sai jijiyar ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin ya tsallake ratan ya ba da umarni. Da zarar umarnin ya isa, wani sinadarin mai suna kolinestares yakan rusa na farkon cikin ƙasa da ƙiftawar ido, don tsokar ta huta ta jira saƙo na gaba. Kai manomin rani ne, ka san cewa buɗe wa fangali ruwa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne toshe bakin idan ya cika, in ba haka ba shukar ta nutse. To maganin da kake fesawa mai toshe bakin yake kamawa ya ɗaure. Umarni ya yi ta kwarara babu tsayawa: yawu da hawaye da gumi su ɓarke, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, ciki ya murɗa, tsoka ta yi ta motsi har ta gaji ta saki, ƙwaƙwalwa kuma ta rikice har ta kai ga jijjiga da suma. Haka yake kashe tsutsa, kuma tsarin jijiyarmu da nata iri ɗaya ne a wannan gaɓar. Babban bambancin shi ne girman jiki da yawan abin da ya shiga.

Tarihin dangin ma ya isa gargaɗi. Wani masanin sinadarai na Jamus, Gerhard Schrader, yana cikin neman sabon maganin ƙwari ne a 1936 ya ci karo da tabun, wanda aka mayar makamin yaƙi, daga baya kuma aka samar da sarin, gubar da aka saki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995. Na gona sun fi waɗannan rauni nesa ba kusa ba, amma hanyar aikinsu ɗaya ce.

Abin da ke kashe wanda ya sha gubar da yawa shi ne numfashi. Majina takan cika huhu, hanyoyin iska su tsuke, tsokar numfashi ta gaza, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi shi ma ya yi sanyi. Saboda haka kowace sa'ar da aka ɓata ana turare ana jiran iska ta sauka, daga ran maras lafiya ake cire ta. Ba na hana kowa addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Kafin a ɗauke shi a janye shi daga wurin feshin, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin kuma ya sa leda ko safar roba a hannu. A kwantar da shi ta gefe don kada yawu da amai su shaƙe shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki idan yana jijjiga, kuma a tafi da kwalbar maganin domin likita ya san abin da yake yaƙa. Kada a sa shi amai, domin galibin waɗannan magunguna an narkar da su ne cikin mai dangin kananzir, wanda idan ya faɗa huhu yakan yi ɓarna ta daban.

Madara da manja, waɗanda suka zama al'ada a wajen masu feshi, ba sa karya wannan guba. Yawancin magungunan cikin maiƙo suke narkewa, don haka abu mai maiƙo ba ya tsare hanji daga tsotse su, ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki kuma yana iya kashe shi. Sauƙin da kake ji washegari jikinka ne ya yi aikinsa. A asibiti allurar atirofin ce babban magani, ana maimaita ta har ƙirji ya bushe numfashi ya daidaita, wani lokaci a haɗa da firalidoksim, wadda ke kwance sinadarin da aka ɗaure idan an yi ta da wuri. Ko maras lafiya ya farfaɗo kada a yi gaggawar neman sallama. Likitoci biyu a Siri Lanka sun bayyana a 1987 cewa tsakanin kwana 1 zuwa 4 bayan gubar wasu sukan kasa ɗaga wuya daga matashi, sannan numfashinsu ya tsaya, alhali an ɗauka sun warke.

Game da kai kanka, Malam, abin da ya fi damuna shi ne yawan maimaitawa. Sinadarin da gubar ta ɗaure yakan ɗauki makonni kafin jiki ya mayar da gurbinsa gaba ɗaya, kai kuma kana komawa feshi bayan kwana biyu ko uku, ke nan kowane zagaye daga ƙasa da inda ka tsaya kake farawa, har ranar da ɗan abin da ka saba da shi zai kayar da kai. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta wajabta auna wannan sinadari a jinin masu yawan aiki da irin waɗannan magunguna, kuma idan ya sauka sosai sai a ɗauke mutum daga aikin har ya dawo daidai. Tunda mu awon bai wadata ba, alamomin da kake ji su ne awonka, kuma sun nuna ka huta da feshi ka ga likita.

Mafi yawan gubar da ke shiga jikin mai feshi ta fata take bi, musamman lokacin auna magani tsantsa da hannu, da kuma inda famfon goyo ke yoyo ya jiƙa riga ta manne a gadon baya mai gumi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan. A gyara yoyon famfo, a sa safar roba da takalmin ruwa da riga mai dogon hannu, a yi feshi da sanyin safiya ko yamma ana bai wa iska baya, kada a busa kan famfo da baki idan ya toshe, kada a ci goro ko a sha taba a tsakiyar aiki. A kuma duba layin launi a ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Haɗa magani biyu na dangi ɗaya yana ninka maka haɗari, tsutsar sharon kuwa ta riga ta jure da yawa daga cikinsu, don haka ka nemi malamin gona ya nuna maka wanda ke cinta.

TAMBAYA: Likita, ina da juna biyu na wata biyar, ga kuma yara biyu ƙanana. Sauro da kuɗin cizo sun hana mu barci, shi ya sa maigidana yake yayyafa piya-piya a ƙarƙashin gado da magariba, mu rufe ɗakin, bayan isha'i mu shiga mu kwanta. Maƙwabciyata ma tana ɗiga shi cikin man kitso saboda kwarkwatar 'ya'yanta. Shin yana iya cutar da abin da ke cikina? Kuma an ce gidan sauron da aka ba mu a wajen awo shi ma da magani a jikinsa, to mene ne bambancinsu?
Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Baiwar Allah, Allah ya raba lafiya. Ki roƙi maigida ya daina daga yau. Piya-piya haɗin hannu ne da ba shi da takarda ba shi da ma'auni, kuma abin da aka fi samu a cikinsa idan an auna shi diklobos ne, wato maganin gonar da muka yi bayani a sama. Shi wannan magani tururi yake tashi ya cika ɗaki, sa'o'i biyu ko uku da ke tsakanin magariba da kwanciya ba su isa ya fita ba, balle ɗakin a rufe yake. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna a 2019, bayan yawaitar mutuwa ta hanyar shansa da amfani da shi a cikin gida.

Ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta ƙaramin yaro tana cikin gini ne. Ƙwayoyinta suna hayayyafa, suna ƙaura zuwa mazauninsu, suna ƙulla hanyoyi a tsakaninsu, kuma asetilkolin yana cikin sinadaran da ke jagorantar wannan aiki. Gubar tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, jikin jariri kuma bai kai na babba ƙarfin rusa ta ba. Yaro mai rarrafe ya fi kowa kwasa, domin a ƙasa yake wuni, hannunsa kullum a baki, kuma iskar da yake shaƙa ta fi ta babba yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga binciken da aka bi mata masu ciki da 'ya'yansu shekara da shekaru a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2011. Masana na Jami'ar Kolombiya sun auna kulofirifos a jinin cibiyar jarirai a birnin New York, inda a lokacin ake fesa shi a gidaje saboda kyankyaso, suka tarar cewa waɗanda jininsu ya fi ɗauke da shi sun fi rauni a awon basira da riƙe abu a ka lokacin da suka kai shekara 7. A kwarin Salinas na Kalifoniya, yankin ma'aikatan gona, yaran da iyayensu mata suka fi ɗauke da alamar oganofosfet a fitsari lokacin goyon ciki sun gaza takwarorinsu waɗanda iyayensu mata suka fi ƙarancin alamar da kimanin maki 7 a awon basira. Irin wannan bincike ba ya nuna cewa kowane yaro zai samu matsala, kuma raguwar ba ta fito fili har uwa ta gan ta da ido. Sai an tara yara da yawa an auna take bayyana. Duk da haka ta isa ta sa Tarayyar Turai ta haramta kulofirifos a 2020, bayan Amurka ta riga ta janye shi daga amfanin cikin gida tun farkon shekarun 2000. Don haka kada ki ɗaga hankalinki kan abin da ya wuce, ki dai faɗa wa ma'aikaciyar awo, ki kuma yanke shaƙar daga yanzu, domin ginin ƙwaƙwalwa yana ci gaba har bayan haihuwa.

Maƙwabciyarki kuwa tana cikin haɗari na gaggawa. Fatar kai tana tsotse magani sosai, man kitso yana ƙara masa shiga, ɗankwali ko hula kuma suna riƙe shi, kuma an sha rasa rai ta wannan hanya. Akwai maganin kwarkwata na mutane mai fametirin a kantin magani, a haɗa da matsefi mai ƙananan haƙora da wanke ɗankwali da zanen gado da ruwan zafi. Kuɗin cizo ma zafi ne maganinsa: tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, shanya katifa a rana mai ƙarfi, da liƙe tsagogin bango.

Maganin da ke jikin gidan sauro na wani dangi ne, firetiroid. Shi ma jijiyar ƙwaro yake kamawa, amma jikin mutum yana rusa shi da sauri, fata ba ta tsotsarsa sosai, kuma ɗan kaɗan ne aka saƙa cikin zaren. Iyakar abin da wasu ke ji shi ne ƙaiƙayi ko zafi-zafi a fuska idan gidan sabo ne, shi ya sa ake cewa a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana ciki. Zazzaɓin cizon sauro ya fi wannan haɗari ga mai ciki nesa ba kusa ba, saboda haka ki ci gaba da kwana a cikinsa.

TAMBAYA: Mahaifina ya haura shekara 60, ya yi noman auduga tun yana saurayi, daga baya kuma ya daɗe yana feshin maganin ciyawa mai ƙona ganye nan take. Yanzu hannunsa na dama yana karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa ta zama gajere-gajere, fuskarsa ba walwala. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce sammu. Shin feshin ne ya jawo masa?
Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan kulawa. Ba a yanke hukuncin ciwo ta wasiƙa, amma karkarwar da ta fara a gefe ɗaya, take zuwa lokacin da hannu ke ajiye, tare da nawar motsi da ƙanƙancewar taku da daskarewar fuska, siffar cutar Fakinsin ce. Tana faruwa ne idan ƙwayoyin wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin da ke sassauta motsi, suka yi ta mutuwa a hankali, kuma alamu ba sa fitowa sai an rasa kaso mai yawa daga cikinsu. Wannan ya sa abin da ya fara ɓarnar yana iya kasancewa shekaru da dama a baya.

Zargin magungunan gona ya samo asali ne daga wani lamari a Kalifoniya a 1982, lokacin da wasu matasa masu allurar ƙwaya suka wayi gari jikinsu ya sandare kamar tsofaffin da suka daɗe da cutar. Likitan jijiya William Langston da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwayar ta gurɓata da wani sinadari, MPTP, wanda ke zaɓar waɗannan ƙwayoyin dofamin ya kashe. Sai aka lura cewa abin da yake rikiɗa ya zama a cikin ƙwaƙwalwa ya yi kama ƙwarai da farakwat, maganin ciyawar da bayaninka ya fi nunawa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna farakwat da wani maganin ƙwari mai suna rotinon suna lalata wannan sashe, sannan wani bincike a kan manoman Amurka da aka wallafa a 2011 ya samu cewa waɗanda suka yi aiki da ɗayansu sun fi sauran kamuwa da cutar da kimanin ninki biyu da rabi. Faransa ta amince a 2012 cewa Fakinsin cutar sana'a ce ga manomin da ya daɗe yana aiki da magungunan feshi, har ana biyansa diyya. Tarayyar Turai ta daina amfani da farakwat tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga Najeriya, ko da yake sanarwa daban, abin da ke kan kantar mai shago daban.

Amsar tambayarka ita ce feshin yana iya kasancewa cikin dalilai, amma babu awon da zai tabbatar da hakan a kan mutum guda. Kamfanonin da ke yin maganin suna musanta alaƙar, wasu binciken ma ba su same ta ba, kuma shekaru da gado suna da nasu rabon. Akwai masu cutar da ba su taɓa riƙe famfo ba, akwai kuma manoma da yawa da suka tsufa lafiya. A ganina hujjar ta kai a guji maganin, ba ta kai a ɗora masa laifin kowace karkarwa ba.

Abin da zai amfani Baba yanzu shi ne ganin likitan jijiya, irin waɗanda ake samu a asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano. Za a duba ko wani magani da yake sha ne ya jawo, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna kawo irin waɗannan alamu, za a kuma bambance ta da karkarwar gado wadda ke tashi idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Idan Fakinsin ce, ƙwayar lebodofa tana dawo wa mutane da yawa da motsinsu na tsawon shekaru, duk da ba ta warkar da cutar. A ƙarfafa masa tafiya da motsa jiki, a kuma raba shi da feshi. Ragowar farakwat da ke gida a kulle shi nesa da yara, kada a juye shi a kwalbar lemo, domin kurɓi ɗaya yana iya kisa ta hanyar lalata huhu kuma ba shi da makari.

TAMBAYA: Ina sana'ar ƙosai, buhu nake sayen wake. Wani lokaci idan na buɗe sai warin magani ya buge ni, kuma na lura waken da ba ƙwaro ko ɗaya shi ya fi wari. Wankewa da surfe suna fitar da shi?
Daga wata mai sana'a a Damagaram.

AMSA: Hajiya, hancinki bai yaudare ki ba. Wasu masu ajiya suna zuba maganin gona kai tsaye a kan wake, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an sami diklobos da ya kai miligiram 4.6 a kilo a wasu samfura, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Shanyawa a iska, wankewa, cire ƙowa da soyawa suna rage wani kaso, amma ba su da tabbacin fitar da duka, kuma ke ba ki san wane magani aka zuba ba. Buhun da ke wari ki mayar wa mai shi. Idan masu cin abinci ɗaya suka kama amai da zawo tare da dalalar yawu, gumi, tsukewar ƙwayar ido ko jijjiga, a gaya wa likita ana zargin maganin ƙwari, don kada a tsaya neman kwalara.

Ƙwayar da ake jefawa cikin buhu tana sakin iskar fosfin mai kisa, kuma ta sha hallaka iyali a cikin barci saboda an ajiye buhunan a ɗakin kwana ko a ɗakin da ke manne da shi. Idan ke ma kina ajiya, ki nemi buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, ana kuma samunsa a Nijar da Najeriya. Iska yake hana ƙwaro har ya mutu, babu magani ko ɗigo. Irin shuka da aka rina ja ko kore kuwa ba abinci ba ne ko an wanke. A Iraƙi a 1971 zuwa 1972 mutane sun wanke rinin alkamar iri da aka shafa wa maganin da ke da sinadarin makuri suka yi burodi da ita, fiye da 6,000 suka kwanta asibiti da makanta da tangaɗi da shanyewar jiki, fiye da 400 suka rasu a can.

TAMBAYA: Aikina wanke shanu da maganin kaska, da soso da hannu nake yi, na fi shekara goma. Yanzu tafin ƙafafuna suna dindiris kamar ana tsira mini allura, ga yawan mantuwa da saurin fushi, wani lokaci duniyar ma ta fita raina. Akwai alaƙa?
Daga wani matashi a Mubi.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Magungunan kaska kala-kala ne. Akwai na dangin oganofosfet, akwai saifametirin mai sa fata zafi da dindiris na ɗan lokaci, akwai kuma amitiraz wanda idan ya yi yawa yakan kawo barci mai nauyi da raguwar bugun zuciya. Wanki da hannu tsirara yana nufin kana shan rabonka a kowace saniya.

An san cewa wasu daga dangin oganofosfet suna lalata dogayen jijiyoyin ƙafa da hannu, alamun kuma sukan fito mako 1 zuwa 3 bayan guba mai yawa: ciwon sha-raɓa, dindiris, sannan ƙafa ta riƙa ja a ƙasa. Misali mafi girma ya faru a Maroko a 1959, inda kimanin mutum 10,000 suka shanye bayan cin man girki da aka gauraya da man injin jirgin sama mai ɗauke da wani sinadari na wannan dangi. Game da shaƙa da taɓawa kaɗan-kaɗan na shekaru kuwa, darasin ya fi fitowa daga Birtaniya, inda gwamnati ta tilasta wa masu tumaki tsoma su cikin ruwan magani daga shekarun 1970 har zuwa 1992. Makiyaya da yawa sun koka da gajiya, mantuwa da baƙin ciki, kuma awon da aka yi wa wasunsu ya nuna rauni a riƙe abu da saurin tunani idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi aikin ba. Masana ba su gama daidaitawa kan girman wannan illa ba, amma sun fi samun ta a wajen waɗanda suka taɓa yin guba mai tsanani da masu taɓa maganin tsantsa.

Kada ka tsaya a kan wannan zato kaɗai, domin dindiris ɗin ƙafa yana da dalilai da suka fi yawa kuma ake iya magancewa: ciwon sukari, ƙarancin sinadarin B12, wasu magungunan tarin fuka, da kuturta. Ka je a auna maka sukari da jini, a gwada jin ƙafafunka, ka tafi da kwalaben da kake aiki da su, ka kuma faɗi sana'arka tun kafin a tambaye ka. Maganar fitar duniya daga rai ita ce na fi so ka fara faɗa wa likitan, ba tare da jin kunya ba, domin ciwon damuwa yana da magani ko mene ne sanadinsa. Kafin ka samu zuwa, ka damƙa kwalaben a hannun wani babba da ka amince da shi ya kulle, ka sanar da shi halin da kake ciki. Idan ka koma aiki, ka yi shi da doguwar safar roba mai kaiwa gwiwar hannu da takalmin ruwa, ka auna magani da abin awo daidai yadda takarda ta ce, ka yi wanka da sabulu da zarar ka gama, kayan aikin kuma a wanke su dabam da na iyali.